Za ka yi doguwar tafiya? Kar ka jingine babur ɗin a soro ka kama gabanka

Duk ƙarshen shekara, da sanyi ya kama a Turai da Amurka, sai bidiyoyin nan su fara yawo a TikTok da YouTube. Za ka ga Bature a garejinsa tas-tas kamar ɗakin asibiti, ya wanke babur, ya zuba wani magani a tanki, ya maƙala wa batir waya, daga ƙarshe ya lulluɓe shi ya ce sai watan Maris ko Afrilu. Su dole ce ta sa. A ƙasashe irin su Kanada ƙanƙara ce ke rufe titi wata da watanni, hukuma kuma ta bi tana watsa gishiri don ta narke. Gishirin nan yana cin ƙarfe, ƙanƙarar kuma ba ta barin mai taya biyu ya tsaya da ƙafarsa.

Mu a Kano ba mu da wannan matsalar. Hunturunmu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iyakarsa ya sa ka saka rigar sanyi da takunkumi, babur ya ɗan yi maka gardama da asuba. Amma mu ma muna ajiye babur, kuma galibi ajiyar banza muke yi masa.

Shiga Tudun Wada, ta nan ƙaramar hukumar Nassarawa nake nufi, ba Tudun Wadan Dankadai ba, ka riƙa leƙa soraye. Ba za ka yi nisa ba sai ka ga Jincheng ko Lifan ko Boxer a jingine da bango, taya ta sace, ƙura ta rufe lamba, an ɗora masa tabarma da tsohon bokiti. In ka tambaya, amsar ba ta wuce uku ko huɗu: mai shi ya tafi bautar ƙasa, ya koma makaranta Zariya ko Sakkwato, ya tafi ci-rani Legas ko Abuja, ko kuwa mai ne ya fi ƙarfinsa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta tashi ta haura 500, a 2024 kuma ta tsallake dubu. Matasa da yawa suka ce bari mu ajiye shi zuwa abin ya lafa.

Manyanmu sun ga irin wannan. A Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur a birnin Kano. 'Yan acaɓa suka watse: wasu suka koma Adaidaita Sahu, wasu suka tafi da baburansu ƙauye ko wata jihar, wasu suka jingine suna jiran a janye dokar. Mun sake ganin hakan a kullen korona na 2020. Ko a wancan lokacin, wanda ya jingine babur lafiyayye ba lallai ne ya tarar da shi lafiyayye ba.

Bambancin da da yanzu shi ne kuɗi. Sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya, kuma kusan duk kayan gyaransa da dala ake shigo da su. Abin da ka jingine a soron nan, ga yawancinmu, shi ne dukiya mafi girma da muka taɓa mallaka da sunanmu.

Fetur ɗin da ka bari a ciki shi ne abokin gaba na farko

Mutane suna ɗauka ƙura ce ke kashe babur ɗin da aka ajiye. Ƙura tana da nata laifin, amma ba ita ce kan gaba ba. Fetur ne.

Fetur ba abu ɗaya ba ne, haɗin sinadarai ne, wasu masu sauƙi wasu masu nauyi. Masu sauƙin su ne ke saurin kamawa da wuta, su ne ke sa injin ya tashi da kik ɗaya, kuma su ne ke fara tsere wa a iska. A zafin Kano na Afrilu, da ma'auni ke kai 40 ya wuce, tserewar tana sauri sosai. Abin da ke saura a baya sai ya yi duhu, ya canza wari, ya koma wani abu mai danƙo kamar ƙaro.

Ina danƙon yake taruwa? A kafireta. A ƙasanta akwai ɗan kofi da mai ke zama a ciki, akwai kuma wasu 'yan ramuka da man ke bi ya haɗu da iska, wani ramin bai kai kaurin allura ba. Ɗigon danƙo ya ishe shi. Shi ya sa za ka dawo bayan wata huɗu, ka yi ta kik har cinya ta gaji, babur ya yi tari ya mutu, ko ya tashi amma da ka saki totur ya ɗauke. In kuma da ma man ɗan bumburutu ne, wanda ba ka san abin da aka gauraya masa ba, to abin ya fi haka muni.

Anan ne kwaikwayon bidiyon Turawa zai iya ɓatar da kai. Yawancin baburan da suke nunawa manya ne na zamani, masu fesa mai da na'ura, ba su da kafireta. Namu kuwa, Boxer ne ko roba-roba, akasari kafireta ce da su, kuma maganin matsalarta kyauta ne. Ka rufe makullin mai da ke ƙasan tanki, ka tayar da babur, ka bar shi yana aiki har ya shanye abin da ke cikin kafireta ya mutu da kansa. Sannan ka sassauta ɗan kusar da ke gindin kofin, ragowar ya zube a gwangwani, ka mayar ka ɗaure. In naka ba shi da makullin, ko ba ka san inda kusar take ba, bakanike zai yi maka cikin minti biyar.

Saura tanki, kuma nan ne ake gardama. Bature zai ce ka cika shi maƙil, kuma yana da hujja: tankin da ke rabi, rabinsa iska ce, iska kuma tana ɗauke da laima. Dare ya yi sanyi, laimar ta zama ɗigon ruwa a jikin ƙarfe, tsatsa ta fara daga ciki inda ba ka gani. Ga tafiyar wata ɗaya zuwa biyu, na yarda da shi. Ka zuba mai daga gidan mai, ka bar ɗan sarari a sama saboda fetur yana kumbura da zafi.

Amma Bature garejinsa daban, gidansa daban. Haka ma wanda ke cikin Nassarawa GRA, mai gareji da rufi da fili. Kai da ke Tudun Wada ko Brigade ko Gama, soron da babur zai zauna nan ne hanyar shiga gida, nan yara ke wasa, bayan katanga kuma ana girki. Da sanyi ya tsananta wani zai shigo da kaskon gawayi, wani ya kunna maganin sauro. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake bi har ya tarar da wuta. Duk hunturu hukumar kashe gobara ta Kano sai ta ja kunne a kan ajiye fetur a gida, kuma ba don raha take yi ba. Don haka in tafiyar ta wuce wata uku, ko wurin ajiyar cikin gida ne, shawarata ka juye tankin gaba ɗaya. Ka bar murfin a buɗe a waje, nesa da wuta, ya sha iska. Sai ka zuba ɗan baƙin mai sabo, kamar cokali biyu ko uku, ka jijjiga babur ɗin ya shafi jikin tankin, ka rufe. Man da ka juye kuma kar ka adana shi a jarka a ƙarƙashin gado. Ba ƙaninka ya zuba a nasa, ko ka ƙona shi a janareta.

"A riƙa ɗumama min shi"

Wannan ita ce wasiyyar da kusan kowa ke bar wa ƙaninsa, kuma ina ganin ta fi yin ɓarna a kan gyara.

Ga abin da ke faruwa. Yaro zai fito da safe ya tayar da babur, ya murɗa totur sau uku unguwa ta ji, bayan minti biyu ya kashe. Duk lokacin da fetur ya ƙone yana fitar da tururin ruwa. In injin ya yi zafi sosai, ruwan yana ficewa ta salansa. In bai yi ba, sai ya zauna a cikin salansa yana cinta, wani kuma ya gangara cikin baƙin mai. Batir ma asara yake yi: abin da sitata ta zuƙa wajen tayarwa, minti biyu a tsaye ba za su mayar da shi ba. Ga shi kuma duk ɗumamawa sai an sake cika kafireta da sabon man da zai kwana a ciki.

Zaɓi biyu ne. Ko dai a hau shi da gaske duk mako ko mako biyu, a yi tafiyar minti ashirin zuwa talatin, a ce daga Tudun Wada a bi Hadeja Road a dawo, injin ya gasu. Ko kuma a shirya shi a rufe, kar wanda ya taɓa. Tsaka-tsakin nan ne ke kai mutum wurin bakanike.

Batir kuwa ko ba a taɓa shi ba yana zubar da caji da kansa, kuma zafi yana ƙara masa sauri. Lafiyayyen batir mai bolt 12, in ya cika, ma'auni zai nuna wajen 12.6. In ya sauka ƙasa ya daɗe a haka, wani farin gishiri yana taruwa a farantan cikinsa ya ƙeƙashe, daga nan ko an caja ba zai riƙe ba. Ka cire shi. Fara da wayar da ke da alamar ragi, baƙar, sannan ja. Ka ajiye shi a inuwa, inda yara ba za su kai ba, domin ruwan cikinsa yana ƙona fata. Na'urar da Turawa ke maƙala masa duk tsawon sanyi tana son wutar da ba ta ɗaukewa, mu kuwa mun san halin wutarmu. Abin da zai yiwu shi ne wani ya riƙa kai shi wurin mai cajin batir sau ɗaya a wata. In shekara guda za ka yi, gaskiya kar ka wahalar da kowa: ba wani ya yi amfani da shi, in ka dawo ka sayi sabo.

Akwai wanda zai ce, "To ni sai gab da dawowa zan yi juye, me zai sa in zuba sabon baƙin mai a babur ɗin da ba a hawa?" Tsohon baƙin mai ya kwashi dauɗar ƙonewa da ruwa da sinadarai masu cin ƙarfe. Barinsa wata shida a kwance kan kayan injin ba alheri ba ne. Ƙananan baburanmu lita ɗaya ko ƙasa da haka suke sha. Ka yi juyen yayin da injin ke da ɗumi, ka ɗan zagaya unguwa sabon ya ratsa, sannan ka yi maganar kafireta da muka yi a sama. In doguwar ajiya ce, cire fulogi, ɗiga ƙaramin cokali na baƙin mai a ramin, taka kik a hankali sau uku ko huɗu makulli a kashe, mayar da fulogin. Wannan ne ke hana fistin da ringi su kama da tsatsa.

Sauran aikin ba ya son dogon bayani. Wanke babur ɗin, ka bar shi ya bushe sarai kafin ka rufe. Goge sarƙa da kananzir da tsohon buroshi, ka shafa mata mai. Ɗiga mai a wayar kuloci da ta birki. Ba tayoyin iska, ka ɗora shi a jak ɗin tsakiya, ba na gefe ba, ka sa katako a ƙarƙashin tayar da ta taɓa ƙasa.

Abin da bidiyon Kanada ba zai gaya maka ba

Zanzaro. Wannan ƙwaron in ya samu rami mai duhu da shiru, gini zai fara, kuma bakin salansa ya yi masa daidai. Ɓera shi kuma akwatin matatar iska yake so, ya yi sheƙa da soson ciki, ya ɗanɗana wayoyin wuta, ya huda kujera. In soron nan ne ake ajiye buhun masara ko gero, ka san ka haɗa masa gida da abinci. Ka toshe salansa da tsumma mai ɗan mai-mai, haka ma bakin shigar iska, ka ɗaura wani ƙyalle mai launi a kan hannun babur ɗin don ka tuna. Mutum yana mantawa, ya dawo ya yi ta kik da salansa a toshe.

Sai maganar rufi, kuma nan lokacin tafiyarka ne zai yanke hukunci. In hunturu ne, ƙura ce matsalar: laushi gare ta kamar gari, tana shiga makulli da maɓallan fitila, tana haɗuwa da man sarƙa ta zama kamar sanfefa. In bazara ce, rana ce: tana tsattsaga taya da kujera, tana cinye fenti, tana sa robobi su yi ƙamas. In damina ce, laima ce da ruwa. Wanda ya san lungunan unguwanninmu a watan Agusta ya san yadda kwata ke cika ruwa ya shigo soro ba sallama. In gidanku na cikin masu shan ruwa, ɗaga babur ɗin a kan dakali ko bulo, ko ka nemi gidan ɗan'uwa da ke kan tudu.

Kar ka naɗe shi da leda ko ka ɗaure tamfol har ƙasa. Laima za ta shiga ta rasa hanyar fita, ka zo ka tarar da tsatsa a ƙarƙashin rufin da ka yi don kariya. Tsohon zanin gado ya fi, yana tare ƙura yana barin iska. In a tsakar gida zai zauna, sa zanin a ciki, tamfol a sama, ka bar ƙasan a sake.

Wanda za ka bar wa makulli

Kafin ka fita, ɗauki hoton lambar injin da lambar jikin babur da lambar rajista da rasit, ka tura wa kanka a imel ko wani wurin da ko waya ta ɓata za ka samu. Takardun asali kuma a ba Hajiya ko Baba su adana, kar a bar su a ƙarƙashin kujerar babur. Makullin kai kaɗai ba ya hana ɓarawo, mutum biyu sun isa su ɗaga roba-roba. Sarƙa da kwaɗo, a ɗaure da wani abu da ba ya motsi.

Amma fa mu faɗa wa juna gaskiya, ɓarawon waje ba shi ne ya fi taɓa babur ɗin matafiyi ba. "Yaya, aron minti biyar, Yankaba kawai zan je." Daga ƙani sai abokin ƙani, daga nan sai wanda ba ka taɓa gani ba. In aka yi hatsari da shi, ko aka kama shi a inda bai kamata ba, sunan da ke jikin takarda shi za a nema, kai kuwa kana can Inugu ko Kalaba da kakin bautar ƙasa. In ka yanke shawarar barin shi a hannun wani, ya zama mutum ɗaya, a gaban babba a gidan, a kuma faɗi sharaɗin a fili: waye zai yi juye, waye zai sayi taya, ba aro, ba haya. In kuma ka yanke a rufe, tafi da makullin. Cire batir da juye tanki ma suna taimakawa a nan, don mai aron minti biyar ba ya son wahala.

Wasu za su ce ai gara a sayar a huta. A da wannan shawara ce mai kyau. Amma dalar da gwamnati ke bayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, farashin babur kuma ya bi ta. Wanda ya sayar kafin tafiya, ya kuma ci kuɗin a hanya kamar yadda aka saba, ya dawo ya tarar abin ya yi masa nisa. In babur ɗin lafiyayye ne kuma kana da wurin ajiya, ni dai ina ganin riƙe shi ya fi.

Ranar da ka dawo, kar zumuɗi ya sa ka fara da kik. Cire tsumman salansa da na bakin iska. Buɗe matatar iska ka duba ko an yi baƙi. Leƙa tanki da fitilar waya, ba da ashana ba. In ka bar mai a ciki kuma ya yi duhu ko warinsa ya canza, juye shi. In da ma ka juye, ɗauraye tankin da ɗan fetur kafin ka zuba sabo. Duba baƙin mai, mayar da batir, wannan karon ja za ka fara ɗaurawa. Taka kik sau da yawa makulli a kashe don mai ya zagaya, sannan ka buɗe makullin mai, ka ba kafireta minti ɗaya ta cika, ka ja cok ka tayar. Zai yi hayaƙi na ɗan lokaci saboda man da ka ɗiga a ramin fulogi, kar ya tsorata ka. Tura shi wurin mai faci a gwada iska, a duba gefen tayoyin ko sun tsattsage, ka gwada birkin gaba da na baya a cikin layi kafin ka hau babban titi.